Jinjina ga Manoman Tsaunukan Man

Duk mai shan kofi da asuba a teburin mai shayi a unguwar Bromakoté ta Abidjan, kafin ya gangara kasuwar Adjamé ko ya haye gada zuwa Treichville, akwai mutanen da ya kamata ya sani. Su ne manoman yankin Tonkpi a yammacin Kwaddebuwa, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Abidjan, inda garin Man yake kwance tsakanin duwatsu goma sha takwas.

Baƙi na zuwa can don hawan dutsen Tonkoui, mai tsayin mita 1,189, ko kallon dutsen Dent de Man da ruwan da ke kwararowa a gefen gari. Ni kuwa gonakin da ke manne a jikin gangaren ne suka fi burge ni. Masu gonakin, 'yan ƙabilar Dan waɗanda ake kira Yakuba, kan dasa kofi su jira shekara uku ko huɗu kafin ya haihu. Sai sassabe, sai sarar reshe, sai tsinka da hannu. Mata su ɗauko kwanduna a ka ta hanyar da mota ba ta bi, a shanya a rana, ana juyawa makonni, ana gudun ruwan sama. Farashi ya faɗi ko ya tashi, ba sa barin gonar.

Mutanen Dan ne kuma ke saƙa gadar kurangar daji a Lieupleu, babu ƙusa ko ɗaya.

Goron dazukansu ma yana cikin wanda fatakenmu ke ɗaurewa a huhu zuwa arewa, a raba a ɗaurin aure da suna. Allah ya sa albarka a guminsu.