Turmin Danya a Bakin Bodar Illela

Mai karatu, in kana da kwafin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kakkaɓe shi ka sake dubawa. Littafin ya fito a 1982, cikin waɗanda suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, kuma a ganina har yau ba mu da ƙagaggen labarin da ya tunkari fasa-ƙwauri gaba da gaba kamarsa. Ba labarin Illela ba ne. Amma duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi a Illela, ya ga yadda shanu da albasa da sefa ke canza hannu tsakanin mutanen garin da na Ƙonni, zai ji ƙamshin gida a cikinsa.

Alhaji Gabatari, gogan littafin, attajiri ne da ya yi kuɗi da sumoga, kuma kuɗin nan su ne linzamin da yake juya mutane da shi. Mun saba karanta shi a matsayin mugun mutum, shi ke nan. Ni kuwa so nake mu ari tabarau ɗin wani Bajamushe masanin zamantakewa, Max Weber (1864-1920), mu sake kallonsa.

Weber ya ce abin da ke sa mutane su yi biyayya iri uku ne: gargajiya, kamar ta hakimi da talakawansa, kwarjini, kamar na shehi ko jarumin da jama'a suka yarda yana da baiwa, sai kuma doka, wato ofis da fayil da hatimi, inda kujera ake girmamawa ba wanda ke zaune a kanta ba. A Illela ukun nan zaune suke a kan tabarma ɗaya. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layin da yarjejeniyoyin 1898 zuwa 1906, suka raba dangi biyu. Shi ɗan kwastan doka ce ta tsayar da shi a shinge, amma wanda ya tsare ɗin ƙanin matar maƙwabcinsa ne, kuma gobe sahu ɗaya za su tsaya a masallaci. To wace biyayyar zai yi? Nan ne labari yake, ɗan'uwa, kuma nan ne marubutanmu suka fi yin kwana.

Wani abin da Weber ya bambance shi ne jari-hujja na lissafi, mai littafin shiga da fita da ribar da ake juyawa, da kuma jari-hujjan da ke tsotson gwamnati da dokokinta. Gabatari na biyun ne. Ba ya ƙera komai. Ribarsa tana fitowa ne daga bambancin doka da farashi tsakanin ƙasa biyu, don haka ranar da aka share iyakar, kasuwarsa ta mutu. Ka ga ashe shi da shingen ba abokan gaba ba ne, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tarihi ya nuna haka. An rufe iyakokin Nijeriya a 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa a Agustan 2019, har sai Disamban 2020 aka buɗe huɗu, Illela na ciki. A Nuwamban 2019 ma kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wa ya ji jiki? Mai babur da mai injin markaɗe. Sai ga rufewar 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wadda ta kai Maris na 2024. Duk lokacin da aka tsananta, kuɗin tsallakewa ta ɓarauniyar hanya ne ke hawa, mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi.

A nan nake da ja da littafin. Ya tara muguntar duka a jikin mutum ɗaya, har mai karatu ya ɗauka da an kawar da Alhaji, an gama. Ina! Kujerar tana nan, wani zai hau. Finafinanmu kuwa sun gaji wannan raunin ba tare da sun gaji ƙarfin halin ba. Alhajin fim yana da falo da mota da 'yar da za a yi wa auren dole, amma ba a taɓa gaya maka a ina ya samo kuɗin ba. Sai ka ce daga sama suke zubowa.

Kada kuma ka ɗauka na miƙa wa Weber wuya. A rubutunsa na 1904-1905 ya danganta ruhin jari-hujja na zamani da tsantsenin wasu ɗarikun Furotesta, masu aiki tuƙuru da ƙin almubazzaranci. Da ya zo kan Musulunci kuwa, wanda bai kammala nazarinsa ba har ya mutu, sai ya kalle shi a matsayin addinin mayaƙa. Bai san fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja ba. Bafaranshen nan Maxime Rodinson ya mayar da martani ga irin wannan ra'ayi a 1966. Abin mamaki, wata ƙaramar maƙalar Weber ɗin ce ta fi dacewa da mu: bayan ziyararsa Amurka a 1904, ya lura zama ɗan wata ɗariƙa shi ne shaidar cewa mutum zai biya bashi. Kusan haka Abner Cohen ya tarar a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969, inda Tijjaniyya ta ɗaure cinikin shanu da goro na Hausawa, haka kuma Emmanuel Grégoire ya bi diddigin Alhazan Maraɗi a 1986.

Wannan amanar ce ke tafiyar da kara irin ta Illela. Dillali zai sa baki a ba Bayarabe shanu bashi, ba takarda ba lauya, sai sunan maigida da tsoron Allah da tsoron zubewar mutunci. Wannan mutumin, wanda ke riƙe dukiyar wani tsakani da Allah da safe, kuma ya biya a kau da kai daga jarkokinsa da dare, ba ya cikin Turmin Danya, kuma ban gan shi a fim ba. Shi nake jiran wani marubucin Sakkwato ko na Tawa ya zauna ya rubuta mana.