Hannun Inna Makitsiya a Shekara 70

A wannan watan Inna, makitsiyar unguwarmu, ta cika shekara 70 a duniya, kuma matan da suka taɓa ɗora kai a cinyarta sun haɗa kuɗi za su yi mata walima. Da fari ta ƙi, don bikin ranar haihuwa ba abin tsofaffinmu ba ne. Sai da aka ce mata saukar Alƙur'ani da addu'a za a yi, sannan ta amince.

Wanda bai san kitso ba yana ɗauka murɗa gashi ne kawai. Aikin tun daga tsifa yake farawa: a warware tsohon kitso, a wanke, a taje daga bakin gashi zuwa gindinsa, a bi fatar kai da man kaɗanya ko man shanu. Sai tsaga, wadda a nan ake gane gwana. Inna za ta ɗora tsinin kibiya a goshi ta ja shi har ƙeya sau ɗaya, layin ya fito sambal. Daga nan ta raba gashi uku tana saƙawa, duk murɗawa ɗaya yatsanta ya tsinto sabon gashi daga gefe, kitson ya kwanta a fata lif.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne ƙarfin ja. In an ɗaure da yawa, kai ya yi ciwo, ƙuraje su feso, a kwana a tashi gashin gaban goshi ya zube, wani lokaci ba ya dawowa. In an sassauta, kwana kaɗan kitson ya tuje. Tsakanin nan Inna take tafiya, kuma kowane kai da nasa awo. Na jaririya daban, na amarya daban, na mai jego da gashinta ke karyewa daban. Yawancin 'yan matan da ke kitso yanzu sun fi ta sauri, amma a ganina ba su kai ta sanin inda za a tsaya ba.

Ta iya zane, ta iya kalaba da shuku da suka shigo mana daga kudu, kuma tana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu iya doka, kitson nan na dā da ake cusa tsumma a ciki ya tashi a tsakiyar ka. Tsoron ɓacewar irin wannan gwaninta ne ya sa mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014.

Shugabancinta ma daga tabarmar kitso ya fito. Macen da ke sunkuye da kai awa biyu takan faɗi abin da ba ta faɗa wa uwarta ba, kuma ba a taɓa jin maganar wata a bakin Inna ba. Shi ya sa ita ce uwar adashe, ita ake kira in kishiyoyi sun saɓa, ita ke tura masu ciki awo. Marayun da ta koya wa sana'ar, yau da kitson suke ciyar da 'ya'yansu.

Masu 'ya'ya mata, ku turo su su zauna kusa da ita su koyi doka tun idonta na gani. Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.