Sharhi a Kan Koyar da Da'irar 555 da Manhajar Kwaikwayo: Misali Daga Ƙasar Dawakin Tofa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 ne gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare biyu na kimiyya zalla, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu, da nufin samar wa jihar likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanta. A wancan zamani, in an ce kimiyya, ɗakin gwaji ake nufi. A yau kuwa wani babban sashe na ɗakin gwajin lantarki ya koma cikin kwamfuta, inda ɗalibi yake zana da'ira, manhaja ta kwaikwayi aikinta. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi sharhi a kan yadda muke koyar da da'ira guda ɗaya, watau mai bugun lokaci ta 555, ta wannan hanya. Ba mu zo da niyyar kushe manhajar ba. Ƙorafinmu a kan takardun jagora ne da muke raba wa ɗalibai, waɗanda suke nuna yadda ake zanawa, amma su yi gum a kan abin da za a yi in zanen ya ƙi motsi.

2.0 Yadda Da'irar Take Aiki

Hans Camenzind ne ya tsara 555 a 1971, kamfanin Signetics na Amurka ya fito da ita kasuwa a 1972, kuma har yanzu tana cikin akwatin kowane mai gyaran rediyo. Ƙafafunta takwas. Tun da Dawakin Tofa ƙasar maginan tukwane ce, bari mu ɗauki kafasita a matsayin randa. Ruwa yana shiga randar ta bututu biyu a jere, su ne razistoci na ɗaya da na biyu. Da ruwa ya kai kashi biyu cikin uku, sai ƙafa ta 6 ta ji, ƙafa ta 7 ta buɗe kafa, ruwan ya tsiyaye ta bututu na biyu kaɗai. Da ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, sai ƙafa ta 2 ta ji, a toshe kafar, a koma cikawa. Ƙafa ta 3 tana ba da wuta lokacin cikawa, ta ɗauke lokacin tsiyaya. Yawan bugu a sakan ɗaya shi ne 1.44 a raba shi da abin da aka samu in an haɗa razista ta ɗaya da ninki biyu na ta biyu, aka riɓanya da girman kafasita.

3.0 Inda Kwamfuta Take Yin Shiru

Yawancin manhajojin da ɗalibanmu suke amfani da su, kamar LTspice da Multisim da Proteus, tushensu ɗaya ne, watau SPICE, wadda Laurence Nagel ya rubuta a ƙarƙashin Donald Pederson a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, aka gabatar da ita a 1973. Sun gaji ƙarfinta, sun kuma gaji wasu halayenta, kuma waɗannan halaye ne takardunmu ba sa ambata.

Wani ɗalibi da muka taɓa duba aikinsa, ɗan wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa, ya so ya fara da fitila mai ƙyaftawa kafin ya wuce zuwa inbata da yake burin haɗa wa shagon mahaifinsa. Ya sa razista ta ɗaya om dubu 10, ta biyu om miliyan 1, kafasita maikurofarad 1. Lissafi ya ba shi bugu 0.72 a sakan, watau ƙyaftawar da ido zai iya bi. A LTspice sai ya ga wuta a tsaye kamar ba ta ɗaukewa. Ya kwana biyu yana sauya wayoyi. Laifin harafi ɗaya ne: ya rubuta 1M. A wurin SPICE, M ba miliyan ba ne, kashi ɗaya cikin dubu ne, kuma ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami. Miliyan sai an rubuta MEG. Ke nan bututun tsiyaya ya zama kamar an fasa gindin randar. Da'irar tana bugu wajen sau 144 a sakan, kuma ɗaukewar wutar ba ta kai a gani ba. Manhajar ba ta yi kuka ba, domin abin da aka ce ta yi shi ta yi. Haka nan wanda ya rubuta 1F yana nufin farad ɗaya, abin da zai samu femtofarad ne, ƙanƙantar da ba ta da amfani a nan. Mu lura da cewa Bahaushen ɗalibi ya fi saurin faɗawa wannan rami, domin miliyan kalmarsa ce ta yau da kullum, a kasuwar Dawanau ma da ita ake ciniki, alhali bai taɓa jin "mili" a bakin kowa ba. Jimla ɗaya a takardar jagora ta isa ta hana wannan asarar lokaci, amma ba mu rubuta ta ba.

Hali na biyu ya fi zurfi. Kafin SPICE ta fara bin lokaci, sai ta nemi matsayin da da'ira za ta zauna a kai in komai ya lafa. To amma da'ira mai bugu ba ta da wurin zama. Aikinta ke nan kai da kawowa. Saboda haka wani lokaci manhajar ta kasa samo amsa ta tsaya, wani lokaci kuma ta samo wani daidaito na lissafi kawai, kamar a tsayar da taɓarya a kan tsininta. A tsakar gida iska kaɗan za ta kayar da ita, amma a cikin lissafi babu iska, sai ɗalibi ya ga miƙaƙƙen layi. Maganin shi ne a gaya wa manhajar ta fara da randa babu ruwa, ta hanyar umarnin .ic ko UIC. In an yi haka, cikawar farko za ta fi sauran tsawo, domin daga sifiri ta tashi: ma'auninta 1.1 ne maimakon 0.693. Mun sha ganin ɗalibi ya auna wannan bugu na farko ya ce lissafin littafi ƙarya ne.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani: mance alamar ƙasa, wadda SPICE take auna komai daga gare ta, barin ƙafa ta 4 a sake ba a haɗa ta da wuta ba, da barin manhaja ta riƙa dogon taku har ta tsallake lokacin juyawa.

4.0 Abin da Kwamfuta Ba Ta Nunawa

A ganinmu haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne bayan zane ya yi aiki. Ɗalibi ya daidaita bugu 50 a sakan, irin na wutar gidajenmu, ya ga layuka sumul, ya buga hoton a rahotonsa, mu kuma mu ba shi maki. Amma kafasitar da ke cikin kwamfuta ba irin wadda ake sayowa a kasuwar Sabon Gari ba ce. Kafasita mai ruwan sinadari takan kauce wa adadin da aka rubuta a jikinta da kashi 20 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Wannan kaɗai zai iya mai da bugu 50 ya koma 42, ko ya haura 62. In ya sauka, taransifomar inbata za ta ja wutar da ta wuce kima ta yi zafi. Ga kuma zafin bazara, wanda yake ƙara yoyon kafasitar, alhali manhajar tana ɗaukar ma'aunin zafi 27 ne in ba a sauya mata ba. Wanda ya taɓa zama a shago mai rufin kwano a watan Afrilu ya san tazarar.

Bugu da ƙari, a wannan shiri lokacin cikawa kullum ya fi na tsiyaya, tun da bututu biyu ne a shiga, ɗaya a fita. Ga fitila wannan ba komai ba ne. Ga taransifomar da ake tura wa wuta ta ɓangare biyu bi da bi kuwa, rashin daidaiton yakan sa ɓangare ɗaya ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa har taransisto ya ƙone. Shi ya sa ƙwararru suke sa 555 ta yi bugu 100 sa'an nan su raba biyu, ko su koma ga CD4047. Har ila yau, 555 ta asali takan fizgi wuta mai yawa a duk juyawa, don haka ake liƙa ƙaramar kafasita tsakanin ƙafa ta 8 da ta 1. A kwamfuta batir ba ya gajiya kuma waya ba ta da tsawo, saboda haka da wannan kafasita da babu ita hoton ɗaya ne, sai ɗalibi ya cire ta yana ganin ya rage tsada.

Abin da muke roƙon 'yan'uwa malamai shi ne a daina karɓar hoton allon kwamfuta shi kaɗai a matsayin shaidar aiki. A nemi ɗalibi ya sake gudanar da zanensa da kafasita mai ƙarin kashi 20 da mai ragin kashi 20, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya haɗa da'irar a allon gwaji ya auna da mita, ya bayyana dalilin saɓanin. Shi wancan ɗalibi, da muka sa shi ya yi haka da da'irar inbatarsa, kwamfuta ta ce 50, mita ta ce 44, kuma sai da ya gwada kafasita uku daga leda ɗaya kafin ya yarda ba mitar ce ta lalace ba.