Iskoki masu kamar dabba a cikin littafin Stacey Halls

Littafin "The Familiars" ya fito da Ingilishi a shekarar 1612 ta cika shekara 407, wato a 2019. Marubuciyar ta ɗora labarinta bisa shari'ar mayu ta Pendle, a arewacin Ingila, inda aka gurfanar da mutum 11 a shekarar 1612, aka rataye 10. Wadda aka sallama ita ce Alice Gray, kuma ita ce ungozomar labarin. Mai ba da labarin, Fleetwood Shuttleworth, matar wani attajiri ce mai shekara 17. Ta yi ɓari sau uku, tana ɗauke da ciki na huɗu, sai ta tsinci wasiƙar likita da ke cewa haihuwa za ta kashe ta. In an rataye ungozomar, ita ma ta tafi.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne sunan littafin. Kalmar tana da tushe ɗaya da kalmar Latin mai nufin baran gida: iska ce mai shigar kamar kare ko kyanwa, tana yi wa maye aike, shi kuwa yana shayar da ita jininsa. A takardun shari'ar, waɗanda magatakarda Thomas Potts ya buga a 1613, har sunaye gare su: Tibb, Fancy, Ball. Hausa ba ta da kalma guda da ta dace da wannan. Iskar bori tana hawan dokinta, ita ke da iko bisa mutum. Maye kuwa kurwa yake kamawa da abin da ke cikinsa, ba shi bukatar ɗan aike. Duk mai son juya littafin zuwa Hausa, kalmar da ya zaɓa za ta yanke wa matan hukunci tun kafin alƙali ya zauna.

Nan ne marubuciyar ta yi hikima, don ba ta taɓa tabbatar da kome ba. Yanyawa na gilmawa duk inda Alice ta bi, amma Fleetwood ma tana da ƙaton kare da ba ya rabuwa da ita, ba wanda ya tuhume ta. Talauci ne ya raba karen mayya da karen uwargida. Alƙali Roger Nowell, mai neman yardar Sarki James, ya kafa shari'arsa bisa shaidar yarinya ƴar shekara 9, wadda ta tsaya ta nuna uwarta.

Raunin littafin shi ne Alice. Ta bakin uwargidanta kaɗai ake jin ta, ilimin saiwoyinta bai wuce ambato ba. Yawan sukuwar mace mai tsohon ciki tsakanin garuruwa, tana neman ceto, shi ma da wuyar gaskatawa, kuma shari'ar da aka daɗe ana jira an taƙaita ta fiye da kima.