Layu a Rigar Sarkin Tonawa

Wanda ya je Bantama a Kumasi yana neman hubbaren sarakunan Tonawa ba zai tarar da ainihin ginin ba. Sojojin Ingila sun ƙone shi a 1896, shekarar da suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. A can ne ake ajiye ƙasusuwan sarakuna, an harhaɗa gaɓoɓinsu da zaren zinariya. A can kuma aka zubar da jinin mutane don girmama matattu, abin da ba Kirista ko Musulmin da zai yi kewarsa. Amma wutar ba ta zaɓa ba. Ta cinye mugunta, ta haɗa da aikin hannu mai kyau, babban daron tagulla da ke ƙofar wurin kuma aka tafi da shi Ingila.

A shekarun 1950 Dokta Kyerematen ya kafa cibiyar al'adu a wannan unguwa, tare da ɗan gidan tarihi mai sunan Prempeh na Biyu. Ginin ya dace: ɗakuna kewaye da tsakar gida irin na Tonawa, ba ƙaton zaure irin na Turawa ba. Masu sassaƙa da masu saƙar kente suna aiki a harabar, baƙo yana gani da idonsa. Wannan ya fi kaya a cikin gilashi.

Sai dai mutanen Zango da yawa sukan ce kayan tsafi ne, su kauce. Wasu masu bi a ikilisiya ma haka suke faɗa. Dukansu ba su duba da kyau ba.

A dubi rigar yaƙin sarki, wadda ake kira batakarikese. Saƙar arewa ce, irin ta Gwanja da Dagomba, an lulluɓe ta da layu har ƙyallen ba ya fitowa. Wasu an ɗinke su da fata, wasu an sa musu kube na zinariya ko azurfa. Rubutun da ke ciki na malaman Musulmi ne, waɗanda Bature Bowdich ya tarar a fadar Kumasi tun 1817, a zamanin da fatake ke hawa da sauka da goro ta Salaga. Ashe riga ɗaya ta haɗa masaƙi, malami, baduku da maƙerin zinariya, ba kuwa yarensu ɗaya ba. Kyanta yana cikin nauyinta: kente tana ɗaukar ido da launi, ita kuwa batakari duhu gare ta, tana sa mai kallo ya yi tsit. Shi ya sa sarki ba ya sa ta sai a babbar rana, kamar naɗin sarauta ko jana'izar gidan sarauta. Mai bi ba ya dogara ga laya, wannan ba gardama. Amma ƙin dogara daban, ƙin sanin hannun da ya yi ta daban. Ɗan Zangon da ya guje wa rigar nan, aikin magabatansa ya guje wa.

Bishop Peter Sarpong na Katolika, wanda ya riƙe Kumasi daga 1970 zuwa 2008, ya gane wannan. Ya shigar da ganguna da rawar Tonawa cikin sujada, ya sha suka, bai fasa ba.

A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka ba da aron kayan sarauta 32 ga fadar Manhyia. Aro ne fa, ga mai kaya! Jaridu sun cika da maganar zinariya. Layun kuwa, da takardun Larabci na Kumasi da suka faɗa hannun mutanen Denmak bayan yaƙin 1826, ba su sami irin wannan surutu ba, alhali a cikinsu ne sawun malaman arewa ya fi fitowa.