«Nan» ko «can»? Ɗan sharhi a kan lambun Telegarden

1. Gabatarwa

A shekarar 1995, Ken Goldberg da Joseph Santarromana sun kafa wani ɗan lambu a Jami'ar Kudancin Kaliforniya, a Amurka, suka girka hannun ƙarfe irin na masana'antu a tsakiyarsa, da kyamara a jikinsa. Wanda ya yi rajista ta intanet yana iya juya hannun daga ɗakinsa, ya shuka iri, ya ba shi ruwa. A 1996 aka mai da lambun cibiyar Ars Electronica ta birnin Linz, a Ostiriya, inda ya ci gaba har 2004. Ana kiran irin wannan fasaha halarta daga nesa (téléprésence). Tambayarmu ita ce: shin halarta ce da gaske?

2. Matsalar nuni

Benveniste ya nuna cewa «ni», «nan» da «yanzu» ba su samun ma'ana sai daga bakin mai magana. Hausa ta raba wuri gida huɗu ta hanyar karin sauti: nân (kusa da ni), nan (kusa da kai), cân (nesa, ana hange), can (nesa, ba a gani). Wannan tsari ya ɗauka cewa ido da hannu suna wuri guda. Telegarden ya raba su: jiki yana gaban kwamfuta, ido yana kallon hoto, hannu kuma yana wata nahiya. Idan mai shuka ya ce «na shuka nân», wane wuri yake nufi? Babu ɗaya daga cikin huɗun da ya dace sarai. A ganinmu, ƙarfin aikin ke nan.

3. Inda aikin ya gaza

Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan lambu gani bai kori shakka ba: me zai tabbatar wa mai kallo cewa ba tsofaffin hotuna ake jera masa ba? Goldberg da kansa ya ɗauko wannan tambaya a littafin da ya shirya a 2000, The Robot in the Garden. Abin da aikin bai fito da shi fili ba shi ne wahala. Mai shuka ba ya jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ya gumi, kuma in tsiro ya mutu bai rasa cimarsa ba. Gyaran na'ura kuwa yana wuyan waɗanda ke wurin da jikinsu, kuma allo ba ya nuna su.

4. Kammalawa

Duk da haka iri ba ya tsira da saurin waya. Dole mutum ya yi ta komowa har kwana da kwanaki. Saboda haka muna ganin ƴar halartar da Telegarden ya samar ta fi alaƙa da «yanzu» a kan «nan»: masu lambun ba su taru wuri guda ba, amma sun yi jira tare.