Yadda Aka Jera Sinadaran Duniya a Allo Ɗaya

A bangon ɗakin gwaje-gwajen kimiyya akan ga wani allo mai ƙananan akwatuna 118, kowanne da harafi da lamba. Shi ne jadawalin sinadarai. Sinadari a nan shi ne abu tsantsa wanda ba haɗi ba ne, irin su zinariya, tagulla, dalma, kuza da farar wuta. Mai kallo a tsaitsaye yakan ɗauka jerin sunaye ne na hadda. Wanda ya zauna ya koyi karatunsa kuwa ya san babu akwatin da aka ajiye da ka.

Da farko a dubi lambar da ke saman akwati. Ita ce adadin furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Haidurojin na da 1, shi ya sa ya buɗe jadawalin. Oksijin na da 8, ƙarfe 26, zinariya 79, yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit 92. Ana bin lambobin daga hagu zuwa dama, ba tsallake.

Sai a lura da inda layi ya yanke aka koma farkon wani, domin a nan gwanintar take. Kewaye da tsakiyar zarra akwai ilektaron, suna zaune hawa-hawa: na farko yana ɗaukar 2, na biyu 8. Duk sa'ad da aka fara sabon hawa, sai a buɗe sabon layi. Da haka aka sami layukan kwance 7 da na tsaye 18.

Waɗanda suka faɗo a layin tsaye guda kamar 'yan gida ɗaya suke, hali ya zo ɗaya. Sodiyam da fotasiyam, a layin tsaye na farko, ilektaron ɗaya tak ke hawansu na waje, kuma suna saurin bayar da shi. Kulorin, a layi na 17, yana da 7, saura ɗaya ya cike. Sodiyam ya bayar, kulorin ya karɓa, sai ga gishirin miya. 'Yan layi na 18, su hiliyam da niyon, hawansu a cike yake, don haka da wuya su haɗu da wani.

Dmitri Mendeleev, malamin jami'a a St. Petersburg ta Rasha, ya tsara jadawalinsa a 1869, tun ba a san furoton ko ilektaron ba. Kayan aikinsa biyu ne: nauyin zarrar sinadarai 63 da aka sani, da halayensu. Ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, yana lura da inda hali ke maimaituwa. Idan na gaba bai dace da gurbi ba, mai son gama aiki da wuri da ya cusa shi ya wuce. Mendeleev sai ya bar gurbin fayau, ya dubi maƙwabtan sama da ƙasa, na hagu da dama, ya rubuta siffar sinadarin da ba a gano ba tukuna.

A 1875 aka gano galiyam, ɗaya daga cikin sinadaran da ya bar wa gurbi, a Faransa. Awon farko ya nuna ya fi ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ce a ƙara tace shi a sake awo. Aka sake, aka sami 5.9, daidai da lissafinsa. Skandiyam ya biyo baya a 1879, jamaniyam a 1886, kowanne ya shiga gurbinsa. A 1913 Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa lambar zarra, wato lambar da ke saman akwati, ba nauyi ba, ita ce ainihin ma'aunin jerin.

Ɗalibi, kada ka tsaya ga haddar sunaye. Ɗauki sinadari ɗaya, nemo lambarsa, layinsa da maƙwabtansa, ka faɗi halinsa kafin ka buɗe littafi. Ranar da ka iya haka, ka iya jadawalin.